Maigadin gidan Onarabul

Na so in bar maganar nan ta mutu, amma tunda mai gyaran wayar nan ya riga ya yanko wurin daga fim ɗin da na fito a ciki ya zuba a WhatsApp ɗin unguwa, gara ku ji daga bakina.

Shi ne ma ya kai ni. Wai wani darakta yana neman ɗan Zango mai tsayi, fim ɗin ban dariya ne, akwai kuɗin mota da abinci. Muka hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, sai wani katafaren gida da suka kama haya a unguwar Ahodwo, nan Kumasi. Ni a lissafina Alhaji zan fito, har na ɗauko babbar rigar Kawu ta Sallah ba da saninsa ba. Darakta ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a cire. Aka miƙo mini wata tsohuwar kwat ta sanyi, da tocila, da kulki, da buta. To me kuma ɗan Zango zai zama a fim ɗin Tonawa, wato Ashantawa? In ba maigadi ba mai tsire, in an girmama ka ƙwarai a ba ka carbi ka zama malamin tsibbu.

Labarin ba laifi. Wani ɗan majalisa ne ya cinye kuɗin kwangilar titi ya ɓoye a cikin tankin ruwa, ɓarawo zai haura katanga, ni kuma in farka in yi ihu. Rubutaccen abu babu. Darakta ya faɗa maka abin da zai faru, sauran ya rage naka, kamar dai yadda su Agya Koo suka saba tun suna wasan dandali kafin Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, ta ɗauke su. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, mu da muka tashi da kallon marigayi Ibro a faifai.

Na buɗe baki na zuba Tonanci tsantsa. Darakta ya ɗaga hannu. Wai Tonancina ya yi kyau da yawa, ba wanda zai yi dariya. Jama'a, a unguwar Aboabo aka yanke cibiyata, kakana fataucin goro ya kawo shi garin nan tun Bature yana mulki, amma sai ga yaron da ke riƙe da makirfo yana koya mini yadda Bahaushe yake karya harshe. Ni kuma, don kuɗin da aka ce za a ba ni, na tsaya ina maimaitawa bayansa.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Aka ce in zauna a bencin bakin ƙofa har a tada janareta. Na ci wake da shinkafa da taliya da ƙwai, ga kwat, ga rana. Allah shaida ban san lokacin da kyamara ta juyo kaina ba.

Sai ranar da aka haska fim ɗin na ga abin da ya faru. Na gayyaci Mma, da Kawu, da ita wadda kuka sani tare da yayarta, duk ni na yanka musu tikiti. Allo ya cika da fuskata. Baki a buɗe. Ƙuda ya sauka a leɓena, ya zagaya, ya tafi, ya dawo da ɗan'uwansa. Minsharin nan nawa ne, ba su ƙara komai ba, Mma ma ta tabbatar da ƙarfi yadda layin baya za su ji. Ɓarawo ya sauko, ya ɗauki tocilata ya haska hanya da ita, ya ɗauki butar ya juye mini a wuya. Na zabura, duk Tonancin da aka koya mini ya gudu, abin da ya fito shi ne "Wayyo Mma, sun zo!" Na jefar da kulki na nufi titi, takalmi ɗaya a ƙafa, kwat ta maƙale a ƙofa ta dawo da ni baya na zauna daɓas. Suka sake nuna faɗuwar a hankali, da wani ƙara irin na katun. Suka sake. Zaure ya kaure da ihu, wani har yana dukan kujera. Na saci kallon yayarta, na ga tana share hawaye da gefen mayafi.

Mai gyaran wayar kuwa ya fi kowa dariya, ya miƙe tsaye yana nuna ni da yatsa don kada wani ya yi kuskuren mai shi. Wannan mutumin da wayata take wurinsa tun azumi, kullum gilashin yana hanya daga Accra, sai ka ce a ƙafa yake tahowa. Ranar nan na ga ƙanensa yana waya da wata mai kama da ita sak, har da tsagar da ke gefe. Na yi magana, ya ce waya ai duk kamarsu ɗaya. Kuma na ji daga baya shi ya raɗa wa darakta cewa a bar ni in yi barcin.

Ina tsammanin an gama da ni, sai ga Onarabul ya fito baranda yana rantsuwa bai ci ko sisi ba, cikin babbar riga ruwan bula mai aska takwas. Kawu ya gyara tabarau. Ya matso gaba. Ya juyo ya tambaye ni a hankali ko a Kumasi akwai wani mai irin ɗinkin nan bayan shi. Na ce wataƙila. Daidai lokacin Onarabul ya goge man ja da hannun rigar.

Kuɗina dai har yanzu ba a biya ba, sun ce sai faifai ya shiga kasuwa, ni kuma ban san wanda yake sayen faifai yanzu ba. Jiya sun kira wai akwai kashi na biyu, maigadi zai samu kare. Na ce zan yi shawara. Wanda yake da lambar mai wanki da guga mai iya fitar da man ja ya turo mini ta wayar ƙanwata.