Shida a ɗebe lamba

Oga ya kira ni, ya juyo min da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Malam, karanta min wannan." Kurakurai biyu ne a manhajarmu ta auna haɗarin kasuwanci. Na farko, maɓallin buga rahoto ya ɗan karkace. Na biyu, manhajar tana haɗiye sifili guda a lissafin asara, miliyan goma ta koma miliyan ɗaya. Dukansu an ba su tsanani mai lamba 1.

Na ce a ba ni kwana biyu. A awa ɗaya na gano bakin zaren, kuma daga nan girman kai ya shige ni.

Ashe mu masu gwajin manhaja, 1 ce mafi muni a wurinmu, wato komai ya tsaya cak. Su kuwa masu nazarin haɗari sun saba da jadawalinsu mai gida 25, inda ake ninka yiwuwar aukuwar abu da girman ɓarnarsa, kowanne daga 1 zuwa 5. A wurinsu 5 ce gobara. Shekara guda muna zuba lambobi a gurbi ɗaya, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai san aiki ba. Ga kuma masu haɗa tsanani da gaggawa, alhali daban suke: sunan kamfani da aka rubuta ba daidai ba a shafin farko ba ya janyo asarar ko sisi, amma sai an gyara shi yau. Wannan rigimar na bar ta sai wani jiƙon.

Maganin bai fi layi ɗaya ba. Shida a ɗebe lambar: 1 ta koma 5, 2 ta koma 4. Na rubuta, na danna, na miƙe ina takama kamar wanda ya ƙirƙiro lissafi.

Abin da na manta shi ne in ce wa kwamfuta ta taɓa namu kawai. Ita kuwa baiwar Allah ba ta musu, ta juya na kowa. Ruɗanin yana nan yadda yake, riga kawai ya sauya. Kuskuren da ke kulle manhajar gaba ɗaya, wanda masu nazari suka ba 5, ya koma kore shar, karkataccen maɓallin nan da suka ba 1 kuma ya yi ja wur. Ƙarfe biyun dare saƙon gaggawa ya tashi injiniyoyi uku daga barci saboda maɓalli.

Da asuba na lallaɓa na sake dannawa don komai ya koma yadda yake. Ban san wata abokiyar aikina ta riga ni ba, ita ma don ta rufa min asiri. Juyi uku ke nan. Kwafin ajiya kuwa, kada ma ku tambaya.

A taron safe oga ya bi jerin layi-layi, gumi yana tsattsafo min. Can sai ya ɗago ya ce mutum ɗaya ne alƙalumansa ba su motsa ba duk wannan hargitsi. Wani abokin aikinmu ne da tun zuwansa bai taɓa wahalar da kansa ba, kowane kuskure 3 yake ba shi. Shida a ɗebe uku, uku.

Shi aka naɗa ya duba aikina.