Yuraniyom ɗin Poli da 'yan "tura wa kowa"

Wallahi muryar nan da ake ta turawa a WhatsApp tun jiya ta ishe ni. Wai in aka ɗebo buhu biyu na dutsen Poli, garin nan na arewacin Kamaru mai yuraniyom a ƙasa, shi ke nan bam ya haɗu, Garwa ta tashi. Sannu da ƙoƙari masanin nukiliya na bakin tasha! Abin da ya fi ƙona min rai har da masu takardar bak ta gama sakandare a cikin masu turawa, su da aka koya wa izotop (wato ire-iren sinadari ɗaya masu bambancin nauyi) a lise.

Jama'a yuraniyom ba iri ɗaya ba ne. Akwai 238 akwai 235, uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne furoton 92 gare shi (furoton da nutiron su ne 'yan ƙananan abubuwan da ke tsakiyar ƙwayar zarra), shi ya sa sunansu ɗaya kuma duk sinadarin da ka zuba musu amsa ɗaya za su ba ka, amma a can ciki 238 nutiron 146 gare shi, 235 kuma 143. Ukun nan su ne duk rigimar. 235 shi ne mai saurin tsagewa ya ba da wuta, kuma a dutsen da aka haƙo, cikin ƙwaya dubu bakwai ne kacal nasa. Bakwai fa! Kamar ka zuba gero bakwai a cikin gero dubu, launi ɗaya, ka ce a tsince.

Wani ya ce min ai yuraniyom yuraniyom ne. To Hassan ma Husaini ne, je ka karɓi bashinka a wurinsa. Babu ruwan da zai wanke wannan ya bar wancan, sai dai a maida shi iska a yi ta wulwulawa a injuna dubbai saboda ɗan bambancin nauyin nan, tashar lantarki na son 235 ɗin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, bam kuwa wajen 90. Kan wannan tacewar ake ta kai ruwa rana da Iran shekara da shekaru, kai kuma da buhunka da diga.

Ban ce a je a yi wasa da ƙurar wajen ba, tana cutarwa, wannan maganar daban ce. Don Allah ƙannena ku buɗe littafi kafin ku tura, iyayenmu na ji suna tsorata da gaske. Kai kanka akwai kabon 14, shi ma izotop ne mai fitar da radiyeshon, a jikinka daga tuwon da ka ci, ba ka fashe ba.

Af, wanda ya ari littafina na kimiyya tun kafin azumi, na san kana karantawa, ka dawo min da shi ko da bangon ya cire.