Snukar waya tana gyara ido, amma hannu sai a kan teburi

Abin da muke kira snuka a Kano ko Zariya, a nan Ingila ba sunansa ke nan ba. Ƙaramin teburin nan na shago ko na ƙarƙashin rumfa, mai ƙwallaye 15 da fara ɗaya, shi suke ce wa pul. Snuka ta ainihi teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, da jajaye 15 da masu launi 6, daga ruwan ɗorawa mai maki 2 zuwa baƙa mai maki 7. Ita ake yi wa gasar duniya a zauren Crucible da ke Sheffield tun 1977. Wanda ya saba da ƙaramin teburi, in ya tsaya a gaban wannan, ramin can ƙarshe sai ya ga kamar bakin kwalba.

To ga kuma teburi na uku a aljihun kowa, wato wasannin waya irin su 8 Ball Pool na kamfanin Miniclip. Masu cewa ɓata lokaci ne kawai ba su yi masa adalci ba. Yana koya wa mutum ya riƙa tunanin inda fara za ta tsaya, ba jefa ƙwallo a rami kaɗai ba. Yaron da ya daɗe yana bugawa ya san cewa idan fara ta daki ƙwallo a gefe alhali ba ta juyawa gaba ko baya, za ta fita a gicciye daga hanyar da waccan ta bi. Akwai manya a majalisar snuka da suka shekara goma suna wasa ba su lura da wannan ba.

Inda wayar take ruɗin mutane shi ne layin nan da take zanawa. Ka ɗora ɗigo a gefen fara, ka ja, ƙwallo ta bi layi tamkar jirgin ƙasa. A kan teburi ba haka ba ne. Idan ka daki fara a gefen dama, sanda za ta ɗan ture ta zuwa hagu, kuma iya ƙarfin bugu iya kaucewa. In kan sandar ya yi santsi ko ka manta ba ka goga alli ba, sai ya zame, ka ji ƙyas, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama. Babu maɓallin da zai hana kafaɗa motsi ko ya hana mutum ɗaga kai kafin ya gama bugu, kuma waɗannan biyun suna cinye da yawa daga ƙwallayen da ake ɓararwa.

Abin mamaki, ta fuskar daidaito wayar ta fi kama da teburin Ingila fiye da namu. Teburin kulob a nan allon dutse ne a ƙarƙashin ƙyallensa, an daidaita shi da ma'auni. Da yawa daga namu na unguwa katako ne kafinta ya haɗa. Damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi, sai ya karkace. Ƙwallon da aka tura a hankali sai ta gangara gefe, shi ya sa 'yan wasanmu suka saba da bugun ƙarfi. Ba laifinsu ba ne, teburi ne ya koya musu. Sai dai ramin snuka bakinsa a lanƙwashe yake, ƙwallon da ta zo da ƙarfi ba a saiti ba sai ta yi karo da gefe biyu ta dawo.

Mai son ya san ko hannunsa ya kai idonsa, ya ajiye fara a tsakiyar layin farawa, ya kafa hannun da ake jingina sanda a kai kimanin santimita 20 zuwa 25 daga ƙwallo, ya buga ta a tsakiya ta daki robar ƙarshe, ya bar sandar a inda ta tsaya. In ta dawo ta taɓa kan sanda, bugun ya miƙe. In ta kauce dama sau bakwai cikin goma, gefen dama yake duka bai sani ba. In kuwa kowa ya gwada ta karkata gefe ɗaya, a duba ƙafar teburin.