Me ya sa ba ku sanar da ni ba?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan uwana maza da mata.

A tsayar da yaro ɗan shekara 12 a kowace unguwa a ce ya lissafo 'yan wasan Real Madrid ko Barcelona. Zai jero su tiryan-tiryan har da na benci, ya faɗi nawa aka sayi kowa da abin da yake ɗauka a mako. Yayarsa kuma ta san wace jaruma ce aurenta ya mutu, wace ce ta yi sabuwar mota, wane mawaƙi ne ba sa ga maciji da wane. To a tambaye su sunan ungozomar da ta karɓi haihuwarsu. A tambaye su wa ke yi wa gawar mata wanka a unguwar, ko wa ke share masallacin da babansu yake salla sau biyar a rana. Shiru kake ji. Kada kuma mu yi saurin ɗora wa yaran laifi, domin mu iyayen ma da yawanmu ba mu sani ba. A bakinmu suka ji hirar waɗancan, kuma ba su taɓa jin mun ambaci waɗannan da alheri ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin wata baƙar mata da ke share masallacin Manzon Allah (SAW). Wata rana bai gan ta ba, sai ya tambaya. Aka ce ai ta rasu. Ya ce: "Me ya sa ba ku sanar da ni ba?" Mai ruwaya ya ce kamar dai sun ɗauki lamarinta ƙarami ne. Sai ya ce: "Ku nuna mini kabarinta." Aka nuna masa, ya je ya sallace ta.

Mu ɗan tsaya a nan. Wanda ake magana a kansa shi ne shugaban Madina, shi ne limami, shi ne alƙali, shi ne jagoran yaƙi, wahayi na saukar masa, baƙi na zuwa daga ko'ina. Duk da haka rashin mai shara bai wuce shi ba. Ba a lura da rashin mutum sai dai in da ma ana ganin sa. Ashe duk lokacin da take sunkuye tana tsince ƙirare da ƙasa, idonsa na kanta, ya san aikinta, ya san darajarta. Sahabbai ba mugunta suka yi ba, sun yi mata sutura yadda ya kamata. Abin da ya gyara musu shi ne ma'aunin da suka auna ta da shi. Wannan ma'aunin ne ya lalace mana yau, kuma lalacewar ta yi nisa.

Je ka gidan biki ka gani. Mawaƙi na tsaye, an yi masa da'ira, ana zuba masa sababbin takardun dubu-dubu har sai an sa yara biyu suna kwashewa a buhu. Cikin masu liƙin nan akwai wanda malamin Islamiyyar 'ya'yansa ke bin sa kuɗin wata uku. Akwai wanda kuɗin Laraba ma sai an yi ta bibiya. Malamin nan shi ya koya wa ɗanka Fatihar da zai yi salla da ita har ya mutu, wadda kuma yake karanta maka idan ka kwanta dama. In ya yi maganar haƙƙinsa sai a ce ai aikin Allah ne, ya cika son kuɗi. Amma ba wanda ya taɓa ce wa mawaƙi ya yi don Allah.

Dubi ladanin unguwarku a tsakiyar hunturu. Kana cikin bargo shi ya riga ya fito da 'yar tocilarsa. Ya buɗe masallaci, ya kaɗe tabarmi, ya cika butoci da ruwan da ke yanka hannu, in babu wuta ya jona lasifika da batir, sannan ya tashe ka ka gana da Ubangijinka. Shekara da shekaru yana haka. Ranar da ya makara da minti goma kowa ya san sunansa, don a yi masa faɗa. Dubi tsohuwar da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe biyun dare an yi rasuwa. Ba ta tambayar nawa za a ba ta. Mayafi take ja, ta nemi ganyen magarya da turare, ta shiga ɗakin da 'ya'yan mamaciyar ma suke jin tsoron shiga, ta wanke, ta suturta, abin da ta gani kuma ba mai ji daga bakinta. Haka dattawan maƙabarta masu diga da shebur, da ke haƙa busasshiyar ƙasa a zafin bazara, su jera itace, su kwaɓa ƙasa, mu kuma mu yi addu'a mu watse ko kallon su ba mu yi ba. Waɗannan suna ɗauke mana farilla ta kifaya ne. Da za su daina baki ɗaya, da laifin ya hau kan kowa da kowa a garin.

Allah Ya ba mu labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasas. A aya ta 79 Ya ce ya fito wa mutanensa cikin adonsa, sai masu son rayuwar duniya suka ce ina ma a ce muna da irin abin da aka bai wa Ƙaruna, lalle shi mai babban rabo ne. Masu ilimi suka ce musu kaitonku, ladan Allah shi ya fi alheri ga wanda ya yi imani ya yi aiki na gari. Ba ina kiran wani Ƙaruna ba ne, Allah Ya tsare ni. 'Yan kallon nake so mu duba. Su sai sun fita bakin hanya kafin su ga adon. Mu kuwa a aljihu yake, muna kwance a kan gado yana wucewa ta gabanmu dare da rana: gidan wane, motar wance, lefen wance, Dubai ɗin wane. Zuciya ba dutse ba ce. A hankali mace ta fara raina abin da mijinta ke kawowa, miji ya fara raina matar da ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin girkinsa, ɗa ya fara jin kunyar a ce babansa ɗan ga-ruwa ne ko mai gadi. Alhali sau da yawa kallon kitse ake wa rogo, abin da aka haska ba shi ne abin da ke ƙasa ba.

Wani zai ce ai nishaɗi ne kawai, ina ruwan so da addini? Akwai ruwa. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) yaushe ne tashin alƙiyama. Ya ce masa me ka tanadar mata? Ya ce ban tanadi komai ba, sai dai ina son Allah da Manzonsa. Ya ce: "Kana tare da wanda kake so." Anas ya ce ba su taɓa farin ciki da wani abu ba kamar yadda suka yi da wannan magana, domin shi yana son Annabi da Abubakar da Umar. Hadisin bushara ne, amma ga mai hankali akwai tsoro a cikinsa. Wanda hotonsa ke fuskar wayarka, wanda kake kwaikwayon askinsa da tafiyarsa, wanda ka ƙaurace wa amininka saboda ya kushe shi, ka yarda a tashe ku tare?

Ibn Abbas ya yi bayanin sunayen nan biyar da ke Suratu Nuhu aya ta 23, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, cewa mutanen kirki ne a asali. Da suka mutu aka kafa musu gumaka don tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. In wuce gona da iri a son salihai ya kai mutane can, to kowane irin so na buƙatar linzami. Har malamanmu ba mu ƙyale ba. Matasa na zagin iyayen juna a kan malamin wane ya fi na wane, kamar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, kuma da yawansu ko littafi ɗaya ba su sauke a gaban malamin ba.

Adalci ya sa in faɗi wannan: shahara ba zunubi ba ce, jarrabawa ce. Cikin 'yan fim da mawaƙa da 'yan ƙwallo akwai masu ciyar da marayu, masu biya wa marasa lafiya kuɗin asibiti, masu sirri tsakaninsu da Allah da ba mu sani ba. Su ma muna zaluntar su. Yau mu ɗaga mutum sama har ya manta shi ɗan Adam ne, gobe ya yi tuntuɓe mu taru muna yaɗa bidiyonsa muna cin namansa. Giba giba ce ko a kan wa aka yi ta.

Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, bayan shekara huɗu ba a sake samun ta a Najeriya ba. An yi jawabai, an yi murna. Su wa suka yi aikin? Mata ne masu hijabi da 'yan akwatunan sanyi a kafaɗa, suna bi gida-gida a rana, wani gidan a ba su ruwa, wani a kore su da baƙar magana. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe tara daga cikin irin waɗannan mata a wurare biyu a cikin birnin Kano. Wa zai iya faɗin sunan ko da ɗaya daga cikinsu yau? 'Ya'yanmu na gudu da ƙafafunsu biyu, marayun da suka bari kuwa ba mu san inda suke ba.

A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, wani dattijo mai shekara 83, Imam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262 da suka gudo daga maharan da ke bin su, galibinsu Kiristoci. Mata da yara a gidansa, maza a masallaci. Ya fito ya tsaya gaban masu bindiga yana roƙon su, har ya ce a ɗauki ransa a bar su. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo, duniya ta san shi. Abin da ke damuna shi ne, mutumin nan bai zama haka a rana ɗaya ba. Ya shafe shekaru yana limanci a ƙauye da irin wannan zuciya, ba wanda ya waiwaye shi. Halinmu ke nan. Direban adaidaita sahu ya tsinci kuɗi ya mayar, in labarin ya shiga rediyo da Facebook sai kyaututtuka su yi ta zuba, kowa na son a ɗauke shi hoto da shi. Wanda ya mayar da amana ba a ɗauka a waya ba, wawa ake kiran sa. Wato har nagartar ma ba ma ganin ta sai ta yi suna. To suna muke girmamawa ke nan, ba nagarta ba.

Umar ɗan Khaɗɗabi, yana Sarkin Musulmi, duk lokacin da ayarin Yemen ya iso sai ya tambaya ko akwai Uwaisu ɗan Amir a cikinsu. Manzon Allah (SAW) ne ya ba shi labarinsa: mutumin Ƙaran, yana da mahaifiya da yake yi wa biyayya, in ya rantse da Allah, Allah zai kuɓutar da rantsuwarsa, in ka samu dama ya nema maka gafara to ka yi. Da ya same shi, Umar da kansa ya ce ka nema mini gafara. Ya tambaye shi ina za ka, ya ce Kufa. Ya ce bari in rubuta wa gwamnan can takarda a kanka. Uwaisu ya ce zama cikin talakawan mutane ya fi soyuwa a gare shi. Shekara ta zagayo wani babban mutum daga cikin mutanen Kufa ya zo Hajji, Umar ya tambaye shi Uwaisu, ya ce na baro shi a gida marar kyau, ba shi da abin hannu. Iyakar abin da ya gani ke nan a maƙwabcinsa. Kuma da mutane suka farga da shi, Uwaisu barin garin ya yi. Muslim ne ya ruwaito, kamar yadda ya ruwaito cewa Allah na son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye.

Irin waɗannan bayin ba sa neman yabonmu, ladansu na wurin da ba a tauyewa. Mu ne muke da buƙata, domin Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Saboda haka ɗan uwa, kafin Juma'ar nan ka biya bashin makarantar yaranka, ka kai da hannunka, ka durƙusa ka gaida malamin a gaban ɗanka don ya gani. 'Yar uwa, in kin yi girki mai daɗi ki zuba a kwano mai kyau, ba na almajirai ba, ki aika wa bazawarar da ke suyar ƙosai tana riƙe da marayu. 'Yan sintirin da ke kwana a sanyi kuna barci, in an zo karɓar kuɗinsu kada a ce maigida ba ya nan alhali yana ciki. Kwamitin masallaci su zauna su duba me ladan ke samu a wata, in ya kwanta ciwo a je a duba shi. Kuma da daddare in ana hira da yara, a riƙa kiran sunayen mutanen nan ana faɗin abin da suka yi, a sa su cikin addu'a suna ji.

Allah Ka saka musu da mafificin alheri, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, Ka tashe mu tare da Annabinmu (SAW) da salihan bayinka.