Gara Nima ta hau bene da ƙafarta

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune wurin mai ataya a bayan kasuwar Nima, unguwarmu a Akra ta ƙasar Ghana, wani ƙanenmu ya miƙo waya ya ce mu ga gari. Sunansa Balneário Camboriú, a kudancin Birazil, bakin teku. Mutanensa wajen dubu 150 ne kawai, amma a can benaye mafiya tsawo na ƙasar suka yi sahu. Tagwayen Yachthouse hawa 81 kowanne, One Tower mita 290, ga wani kuma ana shirinsa da zai haura mita 500. Yaron ya ce, "Yaya, don Allah yaushe Akra za ta zama haka?"

Akwai abin da bidiyon bai nuna masa ba. Gaɓar garin gabas take kallo, don haka da rana ta karkata sai ta faɗa bayan benayen, inuwarsu ta rufe yashin da baƙi suka biyo kuɗin jirgi don su kwanta a kansa. A 2021 sai da aka yaso yashi daga cikin teku aka faɗaɗa gaɓar daga mita 25 zuwa 70. Sun gina abin da ya tare musu rana, suka koma suna sayen ranar da kuɗi.

Ni Bakano ne, shekarata goma sha ɗaya a Akra, kuma aikin gilas da alminiyam nake yi, saboda haka dogon bene abincina ne, ba na ƙinsa. Duk wanda ya bi ta mahaɗar titunan Tetteh Quarshie ya san benayen Villaggio, ya san wanda ake kira Alto mai hawa 27 da aka yi wa ado irin na saƙar kente. Da na zo garin nan shi ake nuna wa baƙo. Yanzu daga Airport City zuwa Ridge ko'ina ka ɗaga kai ƙugiyar gini ce ke juyawa, ga sabuwar hedikwatar Babban Bankin Ghana da aka buɗe a ƙarshen 2024.

Wata rana ina ɗaura taga a hawa na goma sha biyar na wani gini kusa da filin jirgi, na juya kudu. Can ƙarshe teku, kafin ita hasumiyoyin masallacin ƙasa na Kanda, a tsakiya kuma wani shimfiɗeɗɗen jan tsatsa, kwano na taɓa kwano, babu ko bishiya ta kirki. Nima da Mamobi ke nan. Sai da na jingina da bango. Daga ƙasa ban taɓa lura da yadda aka zagaye mu ba: Roman Ridge ta nan, Airport Residential ta can, Cantonments da Ridge a gaba, duk unguwannin da ake faɗin kuɗin fili da dala. Ni na hango gida, na ma gane layinmu. Mai ginin da ke tsaye kusa da ni, da hular kwano a kansa, fili ya hango.

A Kano ba mu saba da wannan tsoron ba. Mu can bene ne abin gudu, kuma da dalilinmu. Gidan Bahaushe tsakar gida ce. Nan ake daka, nan ake shanya, nan mace ke zama da ɗaurin ƙirji ba ta tsoron idon kowa. Maƙwabci ya ɗora bene ya buɗe taga ta wajenka, kafin magariba maganar ta kai wurin mai unguwa. Shi ya sa Kano ba ta tashi sama ba sai dai ta bazu, ta cinye gonakin Kumbotso da Ungogo, tana miƙa hannu Gezawa. Har yau Dala na leƙa yawancin rufin birni. Kano tana da inda za ta miƙe ƙafa.

Akra ba ta da shi. Kudu teku ce. Wanda aka ture daga tsakiya sai Ashaiman, ko Amasaman, ko Kasoa, garin da sunansa ma daga bakinmu ya fito, kasuwa. Mun kawo ɗabi'ar gidan ƙasa garin da ƙasa ta ƙare masa, shi ne abin da ke damuna.

Gidan da na fara haya a Mamobi gidan gado ne, ɗakuna goma sha biyu, famfo ɗaya, magada goma sha huɗu. Ruwan sama ya yi ƙarfi sai kowa ya ɗora katifa kan benci. Da wani ya zo da tayi, waɗanda ke Jamus da Amurka suka ce a sayar, na gida ba su da abin fansar rabon 'yan uwa. Aka sayar. Hajiyar da ke dafa wake da shinkafa a ƙofar gidan, wadda ta ciyar da ni bashi wata biyu ina baƙo, ta sayi rabin fuloti can bayan Kasoa. Na haɗu da ita bara a tashar trotro, motocin haya, da asuba, da kwanukanta a kai. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, kuɗin ya ƙare a bulo. Ƙarfe uku nake tashi in na so in wuce mahaɗar Mallam kafin hanya ta cushe." Masu sayen abincinta suna Mamobi, maƙabartar mijinta tana nan, masallacinta yana nan. Ita kaɗai aka ɗauke. Wurin yanzu bene ne mai kyau, mai gadi a ƙofa, da dare taga uku ko huɗu kawai ke da wuta.

Ba Hajiya kaɗai ba ce. Ƙasar nan ana lissafin ƙarancin gidaje kusan miliyan 1.8. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da wata shida a gaba, amma duk wanda ya nemi ɗaki a Akra ya san shekara biyu ake cewa. Dogayen benayen nan ba su rage wa mai neman ɗaki ko kwabo ba, don ba dominsa aka gina su ba. Wanda kuma yake ganin unguwar talaka a tsakiyar masu kuɗi za ta dawwama don ta daɗe, ya tambayi mutanen Maroko a Legas. A watan Yulin 1990 aka kawo katafila, cikin 'yan kwanaki dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni.

Abin da nake kira gare shi ba hawa 81 ba ne, ba ma 27 ba. Hawa huɗu ko biyar, wanda dattijo zai zauna a ƙasa matasa su hau sama, wanda in an ɗauke wuta babu mai maƙalewa a lif. Shaguna a ƙasa su riƙa biyan bashi, kowane magaji da sashensa, takardar fili kuma tana hannun dangi. Maganar leƙen maƙwabci, wannan sana'ata ce: taga ta yi sama da kai, gilas mai duhu, baranda ta kalli titi, a bar tsakar gida a tsakiyar ginin kamar yadda muka gada. Na yi wa wani Alhaji irinsa a unguwar Madina ta nan Akra, har yau babu maƙwabcin da ya kai ƙara.

Na san inda gizo ke saƙar. Gidaje da yawa ba su da cikakkiyar takarda, banki kuwa ba ya sauraron "kakanmu ne ya sare wurin". A nan nake ganin Asusun Raya Zango da gwamnatin Ghana ta kafa a 2017 don unguwannin zango irin Nima ya kamata ya sa ƙarfinsa: awon filaye, fitar da takardu, da injiniyan da talaka zai iya biya. Injiniyan nan dole ne. Akra tana kan ƙasa mai motsi, girgizar 1939 ta kashe mutane ta rushe gidaje. Mun ga kantin da ya rufta a Achimota nan Akra a 2012, mun ga bene mai hawa 21 da ya zube a Ikoyi ta Legas a 2021 da mutum fiye da arba'in. Ɗora hawa uku kan harsashin da aka yi don ɗaki ɗaya kabari ne ake ginawa. Sarakunan zango da limamai kuma su ne za su iya zaunar da magada kafin dillali ya riga su, don rigimar gado ce ke sayar da gida fiye da talauci.

Da na gama faɗa musu wannan a wurin ataya, Baba mai gidanmu na yanzu, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ajiye kofinsa. Ya ce wata uku ke nan wani mai mota baƙa yana zuwa gaishe shi, kuma 'ya'yan ƙanensa sun fara kira daga waje. Ya ce, "Malam, ranar Asabar ka zo da abin awonka, ka duba mini ko bangon nan zai ɗauki wani abu." Na ce masa, "Baba, bangon ba zai ɗauka ba, amma zan zo, kuma zan taho da injiniya." Ya ce in zo bayan azahar, lokacin ƙannensa mata sun iso daga Ashaiman.