"Na bar shi da Allah" ko dai tsoron kotu ne?

Jama'a ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya kan wannan "na bar shi da Allah" ɗin da muke yi a ko'ina. Tifa ta take wa magidanci ƙafa, ko a rufe yaro a sel sati guda ba a kai shi kotu ba, ko ɗan kwangila ya karɓe kuɗin gini ya kashe waya, da ka ce a shigar da ƙara a nemi diyya sai dangi su taso maka, wai ai ƙaddara ce, shari'a sai mai kuɗi. Wallahi yawancinmu ba yafewa muka yi ba, tsoro ne da rashin sanin hanya.

Ita diyya ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92, ko kisan kuskure ne a biya iyalan mamaci sai dai in su suka yafe da kansu. Su za su yafe fa, ba wai kawu ko mai unguwa ya yafe a madadin marayu ba alhali ba shi zai ciyar da su ba.

Ku tuna maganar Trovan. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara wajen 200 a asibitin IDH na Kano, 11 suka rasu, wasu suka kurmance wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su ba maganin ba. Iyayen nan talakawa ne, amma aka kai ƙara har Amurka, gwamnatin Kano ma ta shigar da tata a 2007, a 2009 aka yi sulhu kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Shekara 15 ana abu ɗaya, kuma kuɗi ba ya dawo da ɗa, na sani. Amma da sun yi shiru ko sisi babu, kuma ba wanda zai ji labarin yaran.

Abin da ya fi damuna shi ne in mun tashi neman haƙƙin ma sai mu nufi caji ofis. Ɗan'uwa, bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki, kana iya tashi daga mai bin bashi ka koma wanda ake ƙara. A Kano tun 2019 akwai kotun ƙananan basussuka, ka cike fom ka tsaya da bakinka ba dole sai da lauya ba. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a, Babbar Kotu ake kaiwa.

Ban ce da sauƙi ba. Yau a ɗage zama gobe alƙali ya tafi taro, ka ci shari'a a ɗaukaka ƙara, in hukumar gwamnati ce ma sai da amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannunta, wannan doka ni dai ina ganin zalunci ce ga talaka. Kuma jinkiri na kashe ƙara, da yawa daga ƙararrakin da ake kai ma'aikacin gwamnati wata uku kacal doka ta bayar, kana can ana "a bari a gama sadakar arba'in" lokaci ya tafi.

Don haka ranar da abin ya faru a ɗauki hoto, a karɓi rahoton likita, a adana rasit da alat ɗin banki, a rubuta sunan shaidu tun ba su manta ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Legal Aid da ke jiharsa ya kai kokensa, gwamnati ta kafa su tun 1976 don marasa ƙarfi.