Wankin zinare ba caca ba ne

Bidiyon dattijon nan da ke tsugune cikin ruwa yana juya kasko yana neman zinare, wanda ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, wallahi dariyar da ake yi masa ta ɓata mini rai. Wai caca yake yi, wai ya tashi ya nemi sana'a. Har da masu digiri a cikin masu dariyar. To ku ji da kyau, mutumin nan da ilimi yake aiki, ilimin da ya girmi kakanninku.

Kun lura da inda ya tsuguna? Cikin lanƙwasar kogi ne, inda ruwa ke rage gudu. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Shi ya sa da ruwa ya sassauta, zinare ne kan fara zama, a bayan babban dutse, ko cikin tsagar dutsen da ke ƙasan kogi. Mai wankin zinare ba ya ɓata lokaci a kan yashin sama. Haƙawa yake har ya taɓo tsakuwar da ke kwance kan dandaryar dutse ko yumɓu, domin nan mai nauyi ke tsayawa. Wannan kuke kira caca?

Sannan ku kalli hannunsa. Ya tsoma kaskon, ya murje yumɓun da yatsu, ya tsince manyan tsakuwa ya zubar. Ya girgiza don mai nauyi ya nutse, ya ɗan karkata bakin kaskon ruwa ya ɗebe na sama, a hankali, a hankali, har ya rage baƙin yashi a gindi. Baƙin yashin nan ƙarfe ne, mai nauyi ne shi ma, tare suke kwana da zinare. Idan wani abu ya yi ƙyalli, bai isa ya ruɗe shi ba: zinare in an danne shi lotsewa yake, dutsen da ke kama da shi kuwa farfashewa yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke bin sawu. Su wanke nan, su ƙirga ƙwayoyin, su ƙara gaba can sama su sake. In ƙwayar ta yi sumul ta baje, daga nesa ta zo. In ta fara girma tana da kaifi-kaifi, an kusa tushe. In ta ɓace gaba ɗaya, an wuce wurin, sai a dawo. Masana duwatsu na manyan kamfanoni har yau da kasko suke fara wannan gwajin, amma su ba wanda ya ce musu 'yan caca.

Na san za a ce ai ana mutuwa. Haka ne, kuma abin na ci mini rai. Amma yaran Zamfara fiye da 400 da suka rasu a 2010, gubar dalma ce ta kashe su, daga duwatsun da ake niƙawa cikin gidaje. Zaiba da wasu ke ƙonawa don ware zinare ita ma guba ce, a yaƙe ta. Kasko da ruwa ba su da hannu a ciki. Masu cewa a sayi na'ura kuwa, na'urar gano ƙarfe ba ta jin garin zinare.

Zinaren da Mansa Musa, sarkin Mali, ya raba a Alƙahira a 1324 har darajar zinare ta faɗi, daga yankunan Bambuk da Bure na Yammacin Afirka ya fito, hannuwa irin na dattijon nan suka wanke shi. A Kalifoniya ta Amurka ma, bayan an gano zinare a 1848, da kasko aka fara.

Af, a tsaunukan ƙasar Jojiya, yankin Svaneti, fatar tunkiya suke shimfiɗawa a gindin rafi, gashin ya kama ƙwayoyin zinaren, a shanya ta a kakkaɓe. Ina son in ga an gwada wannan da bargo ko buhu, a auna wanne ya fi kamawa.